Rajistar sunan ƙaramin wurin kwalliyar mota: ina neman haske

Ɗan Sana'a ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar rajistar alamar kasuwanci, domin akwai wani al'amari da ya hana ni sukuni a 'yan makonnin nan. Shekara uku ke nan ina sana'ar kwalliyar mota, wadda ta wuce wankin ruwa da sabulu: muna wanke ciki da waje, mu tsotse ƙurar kujeru da kafet, mu goge fenti da inji har ƙananan karce su ɓace, mu shafa kaki, sannan mu dawo da hasken fitilun da suka dushe. Mu huɗu ne kacal, ni da yara uku da na koya wa aikin. Tun ranar farko na raɗa wa wurin suna, kuma yanzu sunan ya fi ni shahara, domin yawancin masu kawo mana mota ba su ma san sunana na yanka ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wani bawan Allah ya kira ni yana faɗa, wai mun ƙona masa fentin bonet wajen gogewa, alhali motarsa ba ta taɓa shiga hannunmu ba. Da na bincika sai na tarar wani ne ya buɗe shafi a Facebook da suna irin namu, bambancin harafi ɗaya tak, har launin rubutun ya kusa zama ɗaya. Ni dai na yi wa kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni tun da na fara, takardar tana rataye a bango, kuma a tunanina wannan ya isa ya sa sunan ya zama nawa. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, ina so in san ko sunan zai karɓu in na nemi rajistar alamar kasuwanci, ganin cewa kalma biyu ce, ɗaya tana nufin sheƙi ɗaya kuma mota. Ba zan rubuta shi a nan ba sai na san matsayina. Kuma ku gaya mini gaskiya ko wannan ɗawainiya ta dace da ƙaramin wuri irin nawa, ko kuwa abin manyan kamfanoni ne.

Mai Nazarin Doka ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Zan fara da takardar da ke bangonka, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Rajistar sunan kasuwanci da rajistar alamar kasuwanci abu biyu ne mabambanta, kuma a mafi yawan ƙasashe ofis daban-daban ne ke yin su. Ta farko tana sanar da hukuma cewa akwai kasuwanci mai wannan suna kuma ga mai shi, domin haraji da buɗe asusun banki da sanin wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Ta biyu ita ce ke ba ka ikon hana wani amfani da sunan, ko da wanda ya yi kama da shi har ya rikita jama'a, a kan irin aikin da kake yi. Saboda haka takardarka ba banza ba ce, amma ba ita ce sandar da za ka kori mai kwaikwayo da ita ba.

Wannan ba yana nufin hannunka rabbana kake ba. A Amurka, wanda ya riga kowa amfani da suna a kasuwanci yana da haƙƙi a kansa ko da bai yi rajista ba, sai dai haƙƙin yakan tsaya ne a yankin da aka san shi. A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta, kana iya kai ƙarar wanda ya fake da sunanka, amma kai za ka kawo hujjar cewa jama'a sun san ka da sunan, cewa shi ya sa ana ɗaukar aikinsa a matsayin naka, kuma hakan ya cutar da kai. A ƙasar Sin kuwa, da wasu da dama, wanda ya riga shigar da takarda shi ne yawanci ke da rinjaye. Don haka kiran da mutumin nan ya yi maka hujja ce mai daraja. Ka rubuta ranar da abin ya faru, ka ɗauki hoton shafin nasu, ka kuma tattara tsofaffin rasit da hotunan allon wurinka da duk abin da ke nuna ranar da ka fara amfani da sunan.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ofisoshin rajista ba sa son ba mutum ɗaya mallakar kalmar da kowane mai sana'ar yake buƙata don ya bayyana aikinsa. Kalmar mota ba za ta taɓa zama taka kai kaɗai ba a wannan sana'a, kalmar sheƙi kuma tana bayyana sakamakon aikin ne, wanda duk mai goge fenti yake da haƙƙin yin alfahari da shi. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka ƙirƙira daga babu, kamar Kodak, sai wanda kalma ce sananniya amma ba ta da alaƙa da hajar, kamar Apple a kan kwamfuta. Bayan su akwai sunan da ke nuni da aikin daga nesa, wanda sai mai ji ya ɗan yi tunani kafin ya gane alaƙar, kuma shi ma yakan karɓu. Sunan da ke bayyana aikin kai tsaye shi ne ake yawan ƙi, sai fa in mai shi ya tabbatar da cewa tsawon amfani ya sa jama'a suna jin sa su tuna da shi kaɗai. Naka, yadda ka siffanta shi, yana kan iyaka, kuma yadda aka haɗa kalmomin zai yi tasiri sosai. Idan aka ƙi sunan tsurarsa, akwai hanyar yin rajistarsa tare da tambari, wato zane da salon rubutu da launi, amma ka sani kariyar da za ka samu a nan ta fi karkata ga kamannin tambarin fiye da kalmomin.

Game da yadda ake nema, ana raba kaya da ayyuka gida 45 bisa tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Nis na Faransa a 1957. Gida na 1 zuwa na 34 na kaya ne, na 35 zuwa na 45 na ayyuka. Wankin mota da gogewa da kula da ita suna gida na 37, kuma nan ne mazauninka. Kafin ka biya ko sisi, ka bincika rajistar ƙasarka, ka kuma duba rumbun alamomin da hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, WIPO, ta buɗe kyauta a intanet. Kada ka tsaya kan rubutu iri ɗaya kawai. Ka nemi duk sunan da ke kama da naka a furuci ko a ma'ana, domin ma'aunin da ake bi shi ne ko mai mota zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Bayan ka shigar, jami'i zai duba, sannan a wallafa sunan domin duk mai ƙorafi ya fito. Wa'adin ƙorafin kwana 30 ne a Amurka, wata biyu a Ingila, wata uku a ofishin Tarayyar Turai.

Tsohon Hannu ya amsa:

Malam ya yi bayanin doka, ni kuma zan faɗi abin da ya same ni, domin gani ya kori ji. Na fi shekara goma a wannan sana'a, kuma da can ina cikin masu cewa rajistar nan ɓata kuɗi ce ga ƙaramin mai sana'a, tunda masu kawo maka mota hannunka suke bi ba takarda ba. Har yanzu ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana: wanda ya fara jiya, bai ma tabbatar zai zauna a sana'ar ba, gara ya sa kuɗinsa a injin gogewa mai kyau.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wata wasiƙa da lauyan wani kamfani ya aiko mini a shekarata ta shida, cewa sunan wurina ya yi kama da alamar da suka yi wa rajista tun kafin in buɗe, kuma in daina amfani da shi. Ban kwaikwaye su ba, ban ma taɓa jin labarinsu ba, amma lauyan da na tuntuɓa ya ce rashin sani ba ya kare mutum a wannan fage. Na sauke allo, na sake rigunan yara, na ɓare sitikar da ke jikin motar aiki, na buga sababbin rasit, na kuma bar shafin da na yi shekaru ina tara wa mabiya. Kuɗin bai yi mini ciwo ba kamar yadda wasu tsofaffin abokan ciniki suka ɗauka na rufe, suka koma wani wuri. Binciken yini ɗaya a farko da ya raba ni da duk wannan.

Shawarata gare ka, ƙanena, ita ce ka yi binciken kafin ka tunkari mutumin nan na Facebook. Mai yiwuwa ne ka tarar akwai wanda ya riga ku duka biyun. Kuma in binciken ya nuna sunan naka mai rauni ne, kada son da kake masa ya hana ka ƙara masa wata kalma ta ƙirƙira tun yanzu, kana shekara ta uku, ka riƙa haɗa tsohon da sabon a allo har jama'a su saba.

Ɗan Sana'a ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Yaya. Maganar ƙara kalma ta yi mini nauyi da farko, amma na ga hikimarta. Akwai abu biyu da ban ambata ba. Na fara haɗa man goge dashbod da na taya ina zubawa a kwalabe, kuma ina da niyyar sayarwa da sunan wurin. Sannan mafi yawan motocin da nake yi Toyota ne da Mercedes, har na yi tunanin sanya tambarinsu a sabon allo domin masu irin motocin su san na ƙware a kansu. Shin akwai matsala?

Mai Nazarin Doka ya amsa:

Gara da ka tambaya kafin ka kai wa mai zane aiki. Batun kwalabe mai sauƙi ne: kayan wanki da na gogewa da kakin mota suna gida na 3, kuma rajistar gida na 37 ba lallai ta rufe su ba. Idan da gaske kake za ka sayar, ka haɗa gidajen biyu, ka kuma sake bincike a gida na 3, inda sunaye masu maganar sheƙi da ƙyalli suka yi cunkoso. Amma kada ka ɗebi gidajen da ba ka da niyyar shiga, domin kowane gida da kuɗinsa, kuma alamar da aka bari ba a amfani da ita ana iya neman a soke ta, bayan shekara uku a wasu ƙasashe, biyar a Tarayyar Turai.

Batun tambarin kamfanonin mota ya fi buƙatar taka-tsantsan. A 1999 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar da kamfanin BMW ya yi da wani mai gareji a ƙasar Holan, wanda ba dillalinsu ba ne amma yana tallata cewa ya ƙware a gyaran motocinsu. Kotun ta ce yana da damar ambaton sunan domin ya sanar da jama'a irin motar da yake gyarawa, matuƙar bai yi hakan ta hanyar da za a zaci akwai alaƙar kasuwanci tsakaninsa da kamfanin ba. Wannan hukunci na Turai ne, amma ma'aunin da ya kafa mai hankali ne, kuma ni shi zan bi a ko'ina nake. Ka rubuta da rubutu na yau da kullum cewa kana yin motoci irin kaza da kaza, ka bar tambarinsu, kada kuma sunansu ya shiga cikin sunan wurinka ko adireshin shafinka, domin a nan ne mai wucewa zai ɗauka wakilinsu ne kai.

Wata ƙaramar magana: ƙaramin harafin R da ke cikin da'ira na wanda rajistarsa ta kammala ne kawai, kuma sanya shi kafin lokaci laifi ne a ƙasashe irin su Ingila. Haruffan TM kuwa a ƙasashe da yawa ana sa su tun kafin rajista, don nuna cewa kana ɗaukar sunan a matsayin alamarka. Kuma rajistar ƙasarka a ƙasarka take aiki. In wata rana ka so ƙetarawa, Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata shida daga ranar da ka shigar a gida ka nema a wata ƙasar da ke cikinta a lissafa maka da ranar farko, amma ga wuri mai mutum huɗu ban ga abin gaggawa a nan ba.

Uwar Marayu ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ce ke riƙe takardun wurin wankin motar da maigidana ya bari, kuma mun yi wannan rajista, don haka zan ƙara abu biyu da ba a taɓo ba. Ka yi tunani sosai a kan sunan wanda za a rubuta a matsayin mai alamar, kai ne da kanka ko kasuwancin, domin alamar dukiya ce da ake sayarwa, a ba da lasisinta, a kuma gaje ta, kuma in kana da abokin tarayya gara ku rubuta matsayar ku tun kuna shiri. Mu mun sha wahalar mayar da ita sunan magada saboda ba a tsara wannan ba.

Na biyu, da zarar an wallafa sunanka, bayananka sun zama na kowa, kuma za ka iya samun wasiƙu masu kama da na hukuma, da hatimi da lambar takardarka, suna neman ka biya kuɗin sanya sunan a wani kundi ko kuɗin sabuntawa. Mu biyu muka samu a shekarar farko. Kada ka biya kowa sai ka tabbatar daga ofishin rajistar kansa ko daga lauyanka. Ranar sabuntawa ta gaskiya tana cikin bayanan rajistarka, a ƙasashe da yawa bayan shekara goma ce, a wasu kuma wa'adin farko shekara bakwai ne, kuma ka rubuta ta inda yaranka ma za su gani. Shi kuma mutumin Facebook, in ka gama bincike ka shigar da takardarka, ka fara aika masa saƙo cikin mutunci da hujjar ranar da ka fara, domin mai yiwuwa shi ma bai san da kai ba. In ya ƙi, Facebook yana da fom na kai ƙorafin keta alamar kasuwanci, kuma a ciki akwai gurbin rubuta lambar rajista.