Na taso daga Teksas zuwa Fensilbeniya, ina zan samu wurin farautar barewa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu farauta a cikinmu don Allah ku taimaka. Aiki ya ɗauko ni daga Houston zuwa Harrisburg a watan Agusta, ga Satumba na shirin ƙarewa ban san inda zan dosa ba. A Teksas mu huɗu muke haɗa kuɗi mu kama hayar fili wajen wani mai kiwon shanu, da injin watsa masara da rumfa, ka hau da asuba ka zauna, barewa ta kawo kanta. Ɗayanmu ya koma gida, ɗaya kuma mun samu saɓani kan kuɗin masara, ba sai na tona ba, amma shi ma ya san bai kyauta ba. Maiɗakina tun farko ba ta so tashin nan ba, da alkawarin firiza ba za ta rabu da nama ba na shawo kanta. Abokan aiki kuwa in na tambaya sai su ce "a daji mana" su yi dariya. Bindigata .308 ce, injin masarar ma na taho da shi. Ina ake samun hayar fili a nan, kuma nawa?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Injin masarar nan ka bar shi a gareji. Zuba wa barewa abinci don a harbe ta laifi ne a jihar nan, in ban da wasu filayen mutane a kewayen Philadelphia, kai kuwa ba can kake ba. Zancen haya ma ka jingine. Teksas ce kusan duk ƙasarta ke hannun ɗaiɗaikun mutane. A nan filayen farauta na jiha, wato State Game Lands, kaɗai sun haura eka miliyan 1.5, dazukan jiha kuma eka miliyan 2.2, mai lasisi na shiga ba ko sisi. Arewa da kai akwai Game Lands mai lamba 211, eka dubu 40 da ɗoriya. Kudu maso yamma dajin Michaux, yamma kuma Tuscarora ta wajen gundumar Perry.

Ba ka faɗi matsayin lasisinka ba. Wanda ya cika kwana 30 a jere da zama a jihar yana sayen na ɗan gari, wajen dala 21. Na baƙo ya ɗan haura dala 100. Namiji ɗaya mai ƙaho lasisin ya ba ka, shi ma a yankinku sai mai rassa uku a ƙaho guda. Mace tana da lasisinta dabam, wajen dala 7 ga ɗan gari, kuma yanki-yanki ne: na 4C ba ya aiki a 5A. Tun ƙarshen Yuni ake sayarwa, wasu yankunan sun ƙare, ka duba abin da ya rage a HuntFishPA, shafin sayar da lasisi na jihar, yau ɗin nan. In babu, ka nemi takardar DMAP, izinin harbin mace a wani keɓaɓɓen fili, ta wani ɓangaren dajin jiha. Sannan .308 ɗin nan, mai ɗana kanta ce ko da hannu ake ɗana ta?

Baban Ilham:
Mai ɗana kanta ce Alhaji, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ai sai in riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya. Lasisin tuƙina na Teksas ne har yanzu, na bar shi ne saboda ban tabbatar aikin nan zai ɗore ba.

Alhaji Garba:
Ba yawan harsashin doka ke dubawa ba, ƙirar bindigar ce. Mai ɗana kanta irin taka ba a harbin barewa da ita a Fensilbeniya, ko da ɗaya ka sa. Ka nemi wadda ake ja da hannu, .308 ɗin dai, harsasanka ba su tashi a banza ba. Lasisin tuƙi kuma kwana 60 jiha ta ba sabon zuwa ya canja, kuma da shi za ka nuna kai ɗan gari ne.

Malam Nura:
Allah ya ƙara girma Alhaji, amma tura baƙo 211 a ranar buɗe farautar bindiga ba taimako ba ne. Asabar ɗin da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba ce, kafin asuba wurin ajiye motoci ya cika kamar ranar kasuwa. Baban Ilham, manoma za ka nema. Barewa na yi musu ɓarna a masara da waken suya, da yawansu so suke a rage musu mata. Ka buɗe taswirar Game Commission, hukumar farauta ta jiha, tana nuna gonakin da ke cikin shirin Hunter Access na masu filin da ke barin mafarauta su shiga. Ka je da rana, cikin kayan gida, ba bindiga a mota, kada ka je lokacin tatsar shanu. Ka ce mace kake so, kai kaɗai ne, ka tambayi inda za ka ajiye mota da inda ba a so ka taka. A karɓi izini a rubuce; ranar Lahadi ma dole ne a filin wani. In ka ga fenti launin shunayya a tsaye jikin bishiyoyi, daidai ƙugu zuwa ƙirji, tun 2020 ma'anarsa ba shiga. Da bindiga kuma sai ka ba gida ko rumbun da ake amfani da shi tazarar yadi 150, sai in mai gidan ya yarda.

Abin da ke rufe ƙofofin nan halin mutane ne. A ba mutum ɗaya izini ya kwaso abokai biyar, a bar ƙyauren shinge a buɗe, a zubar da kayan ciki a bakin hanyar tarakta. Shekara ta zagayo ko cinya ɗaya ba a kai wa manomin ba.

Alhaji Garba:
Nura, gonar da ke da barewa an riga an yi mata layi tun kakanni, ƙarshen Satumba ba lokacin ƙwanƙwasa ƙofa ba ne. Cunkoson da kake faɗa a bakin hanya yake. Mafi yawansu ba sa nisa da mota.

Ga yadda za ka yi. A taswira mai nuna tudu da kwari ka zaɓi wurare uku, kowanne aƙalla rabin mil daga mota, da hawa ko rafi a tsakani, don su ke tace mutane. Ka nemi inda doron tsauni ya lotsa, nan barewa ke tsallakawa. Da ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a gefen tsauni. Da bakin inda aka sare itatuwa 'yan shekarun baya ya toho ya cushe, nan suke kwanciya. Sai ka taka da ƙafarka. Ƙarƙashin farin oak ka duba: in 'ya'yan na zuba, za ka ga kwanson a farfashe, ganye a birkice, kashi baƙi mai sheƙi da laushi. Wanda ya bushe ya yi fari-fari tsoho ne, ka wuce. Ƙaramar bishiya da aka goge wa ɓawo har farin ciki ya fito, da ƙasa da aka tone ƙarƙashin reshe mai saukowa, aikin namiji ne.

Iska ce ke kayar da mutanen rumfa. A tsauni da yamma iska mai sanyi gangarawa take, in rana ta ɗaga kuma ta hau. Ka zauna inda warinka ba zai bi ta kan hanyarsu ba. Kujerar kan bishiya kada ka buga mata ƙusa, ka rubuta sunanka ko lambar lasisinka a jiki, ka ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa. Hula da 'yar shara masu ruwan lemo wajibi ne a lokacin bindiga, inci 250 murabba'i, a gan ka ta kowane gefe. Ka tuna kuma da hannu za ka jawo ta, babur mai ƙafa huɗu ba ya shiga. Kada ka harbe ta a ƙasan kwari mota tana sama.

Injiniya Bello:
Duk kun manta da baka. Baka mai kunama irin ta bindiga halal ce a doka, ƙarin lasisinta wajen dala 17 ga ɗan gari, ana buɗewa farkon Oktoba har tsakiyar Nuwamba. Daji shiru, kuma farkon Nuwamba maza ke yawon neman mata da rana tsaka. Tazarar gida ma yadi 50 ce kawai, shi ya sa masu ƙananan filaye ke saurin yarda. Kada dai ka wuce yadi 30, ka jira ta ba ka gefe, bayan kafaɗa. In ka harba ka zauna rabin awa kafin ka bi jini. In ciki ka samu, sai awanni, in ka matsa mata za ta tashi ka rasa ta. Tsadar kibau kam ba a magana, kullum sai hawa suke.

Maman Zahra:
Ku maza wuri kawai kuke nema, mu ake jibge wa gawa a kicin. Baban Ilham, in za ka kai wa masu fiɗa, ka ce a yanka maka gunduwa-gunduwa kawai. Da yawansu kitsen alade suke haɗawa a niƙaƙƙen nama don na barewa ba shi da mai, wasu kuma haɗa na mutane da yawa suke a niƙa tare. Ka tambaya tun kafin ka sauke. Ka fitar da kayan ciki nan take, in da zafi ka cusa ledojin ƙanƙara a cikin. Kuma Michaux da Perry da Alhaji ya ambata suna cikin yankin CWD, cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa.  Akwai akwatunan jefa kan barewa don a gwada cutar, gwajin kyauta ne. Kada maiɗakinka ta taɓa naman sai sakamako ya fito.

Malam Nura:
Bismillah dai lokacin sakin harsashi, in ka tarar da sauran rai ka yanka. Ka cike takardar shaida da ke tare da lasisin ka ɗaura mata kafin ka ja ta, rahoto ga hukuma kuma cikin kwana 10.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sai dai gwiwata ba za ta ɗauki hawan tsaunin nan ba, kuma ni ban saba roƙon mutane a ƙofar gida ba, gara in biya in san nawa ne. Sabuwar bindiga ma ba ta cikin lissafina bana. Masarar kuma, in na zuba yanzu na daina kafin a buɗe fa? Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min kuɗin haya.

Alhaji Garba:
Sai an kwashe komai har ɓurɓushi kwana 30 kafin ka yi farauta a wurin, a Game Lands kuwa kada ma ka fara. Gwiwar da ba ka faɗa tun farko ba, wace irin matsala ce?

Injiniya Bello:
In ba za ka yi amfani da .308 ɗin ba, nawa za ka sayar?