In zuba rumbun Ubuntu a kan Debian, ko in mayar da injinan duka iri ɗaya?

Sabon_Admin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata ƙaramar cibiyar koyarwa, injina 14. Guda 9 suna kan Linux Mint 22, guda 5 kuma Debian 12, a cikinsu har da wadda muka mayar saba (server). Haka na gaje su. Malamai na son a girka wata manhaja a kowace, amma masu ita rumbun Ubuntu kaɗai suka bayar (repository, wato inda apt ke sauko da manhajoji), layin nasu ya ƙare da noble main, noble kuwa laƙabin Ubuntu 24.04 ne. A Mint ɗin ma da na bi umarninsu sai apt update ya ce rumbun ba shi da Release file. Debian ɗin ban taɓa ba tukuna. To in sa layin nan a Debian, tunda duka apt ne kuma duka .deb ne? Ko in share guda 4 ɗin in mayar da su Mint? Don Allah a lura, muna tsakiyar zangon karatu, sabar ba za ta taɓu ba, kuma datarmu a ƙayyade take.

Gwanin_Arch:
Wa alaikumus salam. Share duka 14 ɗin ka sa Arch, ka huta da zancen noble da wane da wane.

Kwamandan_Sudo:
An fara. Ko maganin ciwon kai aka tambayi mutumin nan, Arch zai ce.

'Yar_Tamina:
Malam, matsalar Mint ɗin mai sauƙi ce. Umarnin da suka ba ka yana tambayar injin sunansa ta lsb_release -cs, Mint 22 kuma wilma zai amsa, su kuwa masu rumbun ba su san wata wilma ba. Duba /etc/os-release, za ka ga UBUNTU_CODENAME=noble. Shiga /etc/apt/sources.list.d, buɗe fayil ɗin da umarnin ya ƙirƙira, goge wilma ka rubuta noble da hannunka. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi, don haka babu haɗari.

Debian kuma wata magana ce. Kasancewar duka .deb ne ba ya nufin komai. Debian 12 na da libc6 2.36 (laburaren da kusan kowace manhaja ke dogara da shi), noble na da 2.39, kuma a noble an sauya sunayen laburare da yawa, misali libssl3 ya koma libssl3t64, sunan da babu shi a bookworm, wato Debian 12. In fakitin ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ba zai shiga ba. Gwada a inji ɗaya da apt -s install, wannan -s ɗin kwaikwayo ne kawai, ba ya taɓa komai. Karanta abin da ya ce zai cire kafin abin da ya ce zai saka.

Tsohon_Hannu:
Ƙanena, kar ka yi. Ko kwaikwayon ma kar ka yi. Bari ka ji abin da ya same ni.

A 2022 ina riƙe da sabar wani kamfani, Debian 11. Mai rubuta musu manhaja ya matsa sai PHP 8.1, alhali Debian 11 na da 7.4. Na duba na ga Ubuntu 22.04 na da 8.1. Na ce ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, na ɗauko layin rumbun 22.04 ɗin, wato jammy main, na liƙa a ƙasan sources.list. apt ya yi ƙorafin makulli, NO_PUBKEY. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na tuna wani rubutu da na taɓa gani, na sa [trusted=yes], ƙorafi ya ɓace. Wallahi har murmushi na yi.

Da na ba da umarnin, sai ya jero fakiti masu yawan gaske, na sakawa da na cirewa, ban karanta ba. Daga nan ya ce in rubuta "Yes, do as I say!" da hannuna kafin ya ci gaba. Ka ji fa, injin da kansa yana roƙona in bari. Na rubuta, har da alamar motsin rai ɗin. Ya fara da cire-cire, ya cire abin da zai cire, da aka zo wajen saka sababbin sai dpkg ya tsaya cak, wai bai san irin matsewar control.tar.zst ba. Ashe Ubuntu sun koma matse fakitinsu da zstd, dpkg ɗin Debian 11 na lokacin kuma ba ya iya buɗe shi. Tsofaffi sun tafi, sababbi sun ƙi shiga. Ina cikin dube-dube SSH, hanyar da nake shiga injin daga nesa, ya yanke, bai sake karɓata ba.

Daren Alhamis ne. Kwana uku na yi a gaban injin nan da filashi. Kwafin ajiyar da nake taƙama da shi, da na buɗe, na wata huɗu baya ne, domin aikin da ke yin sa ya daɗe da mutuwa ban sani ba. Bayanan sun fito daga baya, amma aikin bai dawo hannuna ba. Mai kamfanin ko faɗa bai yi ba, sallama kawai ya yi mini cikin mutunci, wannan ya fi zagi ciwo. Har yau in na ga trusted=yes a fayil ɗin wani sai gabana ya faɗi.

Kwamandan_Sudo:
Allah Ya mayar da alheri, Baba. Amma injin ya ce ka rantse, ka rantse. Wannan ko a kotu ba ka da ƙara.

Shiru_Shiru:
Allah Ya kiyaye gaba. Su kansu mutanen Debian suna da suna ga irin wannan injin, FrankenDebian, yana cikin shafinsu na DontBreakDebian.

'Yar_Tamina:
Baba, labarinka akwai ban tausayi, amma ba shi ne tambayar ba. Kai rumbun Ubuntu gaba ɗayansa ka zuba, mai dubban fakiti da kusan kowanne ya fi naka lamba, shi ya sa apt ya ga duk injin na bukatar sauyi. Shi kuwa rumbun kamfani ɗaya ne mai fakiti biyu ko uku. Iyakar abin da zai faru shi ne apt ya ce akwai abin da ba a cika ba, ya ƙi. Haɗarin yana zuwa ne in ya ce bari in ƙaro rumbun Ubuntu don in cike abin da ya rage.

Tsohon_Hannu:
To ai daga nan ake farawa, 'yata. Ni ma fakiti ɗaya nake nema.

Bakin_Allo:
Ni na yi, ya yi aiki. Sai dai ba noble na sa ba, jammy na sa a kan Debian 12, saboda libc6 ɗin jammy 2.35 ne, bai kai na bookworm ba. Shekara guda ke nan babu matsala. Duba ko masu manhajar suna da jammy. Ka kuma sa makullinsu a /etc/apt/keyrings ka nuna shi da signed-by a layin, kar ka bi tsohuwar hanyar apt-key, wadda ke ba makullin ikon sa hannu a kan kowane rumbu. In kana tsoro ƙara fayil a /etc/apt/preferences.d ka ba rumbun nasu Pin-Priority 100, ƙasa da 500 ɗin da sauran ke da shi, yadda ba zai taɓa danne na Debian ba. apt policy zai nuna maka lambobin.

Tsohon_Hannu:
Shekara guda ba shaida ba ce. Jira ranar da za ka hau Debian 13.

DnfKawai:
Duk wannan wahalar ta 'yan apt ce. Mu a Rocky da AlmaLinux, rumbun da aka yi wa RHEL 9, wato Linux ɗin kamfanin Red Hat, zai yi a kowanne, fayil ɗaya ka jefa a /etc/yum.repos.d shi ke nan. Ko EPEL ne, kunna crb kawai za ka yi. Shawarata ka mayar da ɗakin Rocky.

Bakin_Allo:
Oga, yaushe rabonka da taɓa apt? Kuma dangantakar Rocky da RHEL ba irin ta Debian da Ubuntu ba ce. Su da gangan aka yi su don su yi daidai da juna. Je ka sa rumbun Fedora a kan Rocky ka dawo ka ba mu labari.

DnfKawai:
Ina da takardar shaida biyu a wannan fannin, ba a bidiyo na koya ba.

Tsohon_Hannu:
Ni ma ina da takarda ranar da na rubuta Yes, do as I say.

Mai_Lissafi:
Ku bar gardama. Ya mayar da komai Ubuntu 24.04 tunda shi masu manhajar suka sani. Abin da kawai zai sa a ransa shi ne Ubuntu yanzu sai ka biya kuɗin Pro kafin ka samu sabuntawar tsaro.

Shiru_Shiru:
Ba haka ba ne. Sigar LTS, wato mai dogon tallafi, na samun shekara 5 kyauta a kan abin da ke main. Pro ɗin shi ke kai wa shekara 10 ya kuma haɗa da universe, kuma kyauta ne har injina 5.

Mai_Lissafi:
Uku ne. Ni na yi rajista, uku aka ba ni.

Shiru_Shiru:
Da can ne uku, an ƙara.

Kwamandan_Sudo:
Uku ko biyar, mutumin 14 gare shi, kuma ko ɗaya ba Ubuntu ba ce.

Mai_Lissafi:
To batun data fa? Ni da na girka Mint sabo, sabuntawar farko wajen 700MB ta ci.

Bakin_Allo:
Wane 700? Tawa ta haura 1.5GB, ban da ISO ɗin da ya kusa 3GB. In data ce damuwar, ya sa apt-cacher-ng a sabar, sauran injinan su riƙa bi ta tasha 3142, fakiti ya sauka sau ɗaya kowa ya ɗiba. Sai dai rumbun da ke kan https ba ya ajiye shi kai tsaye.

'Yar_Tamina:
Ya ce sabar ba za ta taɓu ba. Yana cikin saƙon farko. Akwai wanda ya karanta shi har ƙarshe kuwa?

Sabon_Admin:
Na gode ƙwarai. Yaya 'Yar_Tamina, na sauya wilma zuwa noble, Mint ɗin duka 9 sun karɓa, Allah Ya saka da alheri. Masu manhajar ba su da jammy, noble kaɗai. Na gwada apt -s a Debian ɗaya, ya ce yana neman libc6 da ya fi nawa, ya tsaya. Amma ga wani sabon abu. Da na buɗe sources.list na biyu daga cikin injinan, ba bookworm aka rubuta ba, stable aka rubuta, kuma apt na cewa akwai fakiti sama da dubu da ke jiran sabuntawa. Lafiya kuwa?

'Yar_Tamina:
Tsaya nan, kar ka danna upgrade! Kalmar stable tana bin duk sigar da ke kan gado ne. Tun da Debian 13, wato trixie, ya fito ranar 9 ga Agusta 2025, stable ta koma kansa. Waɗannan fakiti dubun Debian 13 ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Mayar da layukan bookworm, bookworm-updates da bookworm-security, sannan ka sake apt update. Ka duba sabar ma, dubawa kawai.

Bakin_Allo:
Ko kuma ya bar su su hau. Trixie na da libc6 2.41 kuma da sunayen t64 ɗin, mai yiwuwa fakitin noble ya shiga lafiya. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Tsohon_Hannu:
A tsakiyar zango, da ƙayyadadden data, babu kwafin ajiya? Kai yaron nan kana son ka ga an kori mutum.

Shiru_Shiru:
Ni wanda ya rubuta stable ɗin nake son gani. Wannan gadon shi ne ciwona. Inda nake aiki, wanda na gada ya bar fayil 23 a sources.list.d, fiye da rabi PPA ne, wato rumbunan ɗaiɗaikun mutane, da suka mutu, babu ko layi ɗaya na bayanin me ya sa aka saka su. Wani ma sunansa test2.list. Wata biyu ina tsoron gogewa, kar in cire wanda firinta ta dogara da shi. Na kira shi, ya ce shi ma haka ya tarar.

Mai_Lissafi:
Taka da sauƙi. Ni wanda na gada, Ubuntu mai tallafin wata tara kawai ya girka wa ofis gaba ɗaya, ba LTS ba. Na zo na tarar kowane apt update 404 yake bayarwa, sai da na karkatar da layukan zuwa old-releases.ubuntu.com kafin in iya saka ko da edita. Kuma kalmar sirrin root tana kansa, shi kuma ya sauya lamba.

Kwamandan_Sudo:
Ku yi a hankali, wataƙila wanda kuka gada yana cikin zauren nan yana karantawa. Baba, ba kai ba ne test2.list?

Tsohon_Hannu:
Ni nawa final.list nake sa musu suna. Akwai final2 ma.

DnfKawai:
Laifin ba na magabata kaɗai ba ne. Masu rubuta darussa a intanet fa? Mutum zai ba ka umarnin curl ya haɗa da sudo bash, bai faɗi sigar da ya gwada a kai ba, bai sa kwanan wata ba. Yaro ya kwafa, rubutun ya zuba rumbu da makulli inda ya ga dama, bayan shekara biyu wani ya gaji tarkacen. Ubuntu 24.04 ma ya mayar da layukansa ubuntu.sources mai sabon tsari, amma har yanzu darussa na cewa a buɗe sources.list, mutum ya buɗe ya tarar ba komai sai sharhi, ya ɗauka injinsa ne ya lalace, ya kwafo na wani ya liƙa.

Bakin_Allo:
Yau dai mun yarda da kai, Oga, duk da takardunka.

Sabon_Admin:
Na mayar da biyun bookworm, fakitin da ke jira sun koma 40 da wani abu. Sabar dama bookworm ce, alhamdulillahi. To yanzu guda 4 ɗin, in mayar da su Mint ko in jira hutu in hau da su trixie?

Gwanin_Arch:
Na riga na faɗa maka tun farko.

Shiru_Shiru:
Af, tunda ana maganar gado, akwai wanda ya san yadda zan gane fakitin da suka fito daga PPA ɗin da aka riga aka goge fayil ɗinsa? Na cire test2.list jiya, yau firinta ta daina aiki.