Wa aka riƙa turawa ɗakin masu korona a wajenku?

Maman Ummi: Salam 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Jiya muna hira zancen 2020 ya taso, wlh har yanzu abin na ci min rai. Ni nas ce a Ingila, a wodinmu duk sanda rosta (jadawalin aiki) ta fito sai ka ga mu baƙar fata da 'yan Filifin da Indiyawa mu ne a ɗakin masu korona, kuma ba ka da bakin magana tunda bizarka a hannun asibitin take. Ku ma haka kuka gani ko ni ce da mita?

Baban Sadiq: Ba mita ba ce 'yar uwa. Likitocin farko da cutar ta kashe a nan Ingila ai 'yan ci-rani ne irinmu, biyu 'yan Sudan, ga Dakta Alfa Sa'adu ɗan Pategi, shekara 68, ya yi ritaya amma bai daina duba marasa lafiya ba, Allah ya jiƙansu. Ni gemu ne ya zama matsala, aka ce takunkumin FFP3, mai tace iskar da kake shaƙa, ba ya kama fuska sai na aske. Na aske, iyalina kwana biyu suna min dariya.

Anti Nas: Kai ka samu abin askewa, ni me zan aske? Sau uku ina faɗuwa gwajin takunkumi don da fuskar maza aka auna shi, riga tana jan ƙasa, safar hannu kamar ta aro, ga awa 12 cikin leda kana al'ada ba damar fita bayi sai ka cire komai. WHO da kanta ta ce kusan kashi 70 na ma'aikatan lafiya mata ne fa.

Ungozoma daga Kano: Mu nan ba bature, mu muke yi wa junanmu. Kayan kariya in sun zo likitoci tukunna, sai nas, masu shara da wankin zanin gado kuwa, galibi zawarawa ne, takunkumi ɗaya suke wankewa su maimaita. Kuɗin hazad, wato na haɗarin aiki, naira 5,000 ne a wata a lokacin. Ga kulle ga azumi ga ba makaranta, in dawo a gajiye in ɗora tukunya, maƙwabta sun hana yaransu shigowa gidana, maigida kuma ya ce in zaɓa, ko shi ko asibiti.

Maman Ummi: Innalillahi. To ya kika yi Yaya?

Ungozoma daga Kano: Na koma ɗakin tsakar gida wata biyu, kwanona daban butata daban. Muna tare dai har yanzu.