Zafin da ke taso min da dare, wai yana taɓa zuciya?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Shekarata 48, wata tara ke nan rabona da al'ada. Tun kafin azumi wani zafi ke taso min daga ƙirji ya hau wuya har fuska, zufa ta jiƙe ni sharkaf, gabana na dukan uku-uku, can kuma sai sanyi. Har a aji ina tsaka da koyarwa. Maigida ya ce fanka na sa masa mura, ya kwashi filonsa ya koma ɗakin amarya ko da ranar girkina ce, alhali da kuɗin adashena na sayi fankar mai cajin, amma a bar wannan. 'Yata mai karatun jinya ta ce masu irin wannan zafin sun fi shiga haɗarin ciwon zuciya. Mahaifiyata kuwa ɓarin jikinta ya shanye tana da 58. Barci ya ƙaurace min.

Hajiya Ladi: Girma ne kawai ya zo. Iyayenmu sun yi, ba wadda ta je asibiti. Ki riƙa shan kunun kanwa, ki daina sauraren yara.

Anti Rabi: Hajiya, a gafarce ni, kanwa gishiri ce a wata rigar. Maman Sadiƙ, 'yarki ba ta yi ƙarya ba. Akwai binciken SWAN a Amurka kan lafiyar mata a shekarun ɗaukewar al'ada, mata kusan 3,000 aka bibiya sama da shekara 20. Sakamakon da Rebecca Thurston ta Jami'ar Pittsburgh ta fitar a 2021 ya nuna waɗanda zafin ke yawan taso wa, ko ya daɗe bai sake su ba, sun fi samun bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba a ce zafin ne ke kawo ciwon ba. Raguwar sinadarin mata na istirojin a lokacin ɗaukewar al'ada ce ke rikita ma'aunin zafin jiki a ƙwaƙwalwa, kuma a daidai lokacin jijiyoyin jini kan fara tauri, kitsen jini ya hau. Nawa ne awon jininki?

Maman Sadiƙ: An taɓa cewa ya ɗan hau.

Anti Rabi: Ɗan hau nawa? Daga 140 bisa 90 hawan jini ne. An ba ki magani?

Maman Sadiƙ: An ba ni amlodifin bara, ƙafata ta kumbura har takalmi ba ya shiga, na ajiye. Kuma ni ba na ciwon kai, da ya hau ai zan ji.

Ummu Hanan: Ni maganar komawa ɗakin amaryar ce ta tsaya min a wuya. Haka nawa ya yi min da na haihu. Shekara 19 ina masa bauta, ranar da na kwanta ko sannu. Su ne hawan jinin namu wallahi.

Anti Rabi: Hawan jini ba ya sallama. Kumburin ƙafa sananne ne da wannan ƙwayar, komawa ake yi a sauya wata. Gobe ki je a auna jini, suga da kitse, a duba sinadarin tayiroyid na ƙullun gaban wuya ma, don shi ma in ya yi yawa yana sa zufa da faɗuwar gaba. In kika ji nauyi a ƙirji, numfashi na sarƙewa, ko ciwo ya hau haɓa ko hannu, a daren za ki tafi.

Binta: Yayata a Jidda an ba ta maganin sinadarin mata, sati biyu zafin ya ɗauke. Ki nema a kyamis.

Anti Rabi: Kyamis? Mai hawan jinin da ba a saita ba, uwa ta shanye? Yana kashe zafin, gaskiya ne, amma ba rigakafin zuciya ba ne, kuma likita ke tantance wadda ya dace da ita.

Hajiya Ladi: To ta sha zoɓo ba sukari, ai shi ba kya ce komai ba.

Maman Sadiƙ: Na gode. Amma Anti, kina magana kamar sakaci na yi. Wuni guda na yi a layi wancan karon, likitan ko ɗago kai bai yi ba. Ga jarrabawar yara ta matso. Zoɓon dai zan fara, in an yi hutu na je.

Anti Rabi: Hutu yaushe?

Ummu Hanan: Shi maigidan ya dawo ɗakin kuwa?