Wane suna za mu ba wa "alaji" na abinci?

'Yan'uwa likitoci da malaman jinya, akwai kalmar Turanci, "alaji" (allergy), da muka daɗe muna arowa a ɗakin ganin marasa lafiya, kuma ina ganin aron nan yana cutar da su. Idan muka ce wa uwa ɗanta yana da "alaji", sai ta gyaɗa kai ta tafi, amma abin da ta ɗauka shi ne ƙaiƙayi da ɗan kumburin fata, ba abin da zai iya toshe numfashi cikin 'yan mintuna ba.

Kalmar ba ta daɗe ba ko a Turai. Likitan yara Clemens von Pirquet na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ne ya ƙirƙire ta a 1906 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "wani dabam" da "aiki", wato jiki ya yi wani aiki dabam da wanda aka sani. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin marar laifi na gyaɗa ko ƙwai ko kifi ko riɗi a matsayin maƙiyi, sai ta saki sinadarin histamin da makamantansa, fata ta kumbura, maƙogwaro ya matse.

Hausa tana da "borin jini", kuma mutanenmu sun san shi sarai, sai dai sunan ya tsaya ga ƙurajen da ke fitowa a fata. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara huɗu da aka kawo leɓensa a kumbure bayan ya ci ƙuli-ƙuli, an shafe shi da manja tun daga wuya har ƙafa, kakarsa tana cewa ai borin jini ne, zai lafa. Numfashinsa kuwa ya riga ya fara fito. "Bai karɓe ni ba" ma ba ta isa ba, domin da ita ake faɗin kumburin ciki da gudawar wanda hanjinsa ba ya narkar da sukarin madara, wanda garkuwa ba ta da hannu a ciki. "Gubar abinci" kuwa ta ɗora laifi a kan abincin, alhali tsiren da ya kwantar da wannan shi ɗan'uwansa ya ci ya kwana lafiya.

Shawarata ita ce mu ce "boren garkuwa", mu ƙara sunan abincin: boren garkuwa ga gyaɗa, boren garkuwa ga ƙwai. Bore kalma ce da kowa ya sani, tana kusa da "borin jini" a kunne, kuma tana nuna inda matsalar take. Matakin da ake kira anafilaksis, inda numfashi ke shaƙewa ko awon jini ya faɗi ƙasa sosai, sai mu kira shi "mummunan bore", mu kuma faɗa wa iyaye cewa maganinsa na farko allurar adirenalin ce a cinya, ba ƙwayar ƙaiƙayi ba.

Wani abokin aiki ya ce sunan ya yi tsawo. Na yarda, amma da shi na iya ce wa mahaifiyar yaron nan: "Hajiya, garkuwar jikinsa tana yi wa gyaɗa bore, saboda haka ban da ƙuli-ƙuli, ban da yajin tsire, ban da kunun gyaɗa da miyar taushe." Ta maimaita mini su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye ni batun man gyaɗa.