Tausar ƙirji da mama: abin da aka tsayar a tattaunawa

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake tausar ƙirji da mama, abin da aka fara warwarewa shi ne, mama ba ta da tsoka irin ta dantse. A kan babbar tsokar ƙirji take zaune, wadda wani siririn tantani ya lulluɓe. Yawan duƙawa kan waya ko sa rigar mama mai matsewa kan sa wurin ya ɗaure, har mace ta ɗauka mamar ce ke ciwo.

Don sassauta shi, a sa ƙwallon tanis tsakanin bango da saman ƙirji, kusa da kafaɗa, a jingina a hankali kamar daƙiƙa 30 ana jan numfashi. Ƙwallon ba ya hawa kan mama. Ita mama shafa kawai take so, da tafin hannu da ɗan mai, ana bi zuwa hammata, domin can ne mafi yawan ruwan jiki (ba ruwan nono ba) da ke tsatsowa daga cikinta ke bi.

An ɗan yi ja-in-ja kan masu shayarwa. Wasu sun ce a murza da ƙarfi idan nono ya taru, amma ƙa'idar likitocin shayarwa ta 2022 ta hana hakan, don yana ƙara kumburi. A ganina nan babu gardama.

Tausa dai ba ta hana sankarar mama, ba ta kuma warkar da ita. Wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga jini a kan nono, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ko ja da zazzaɓi, ta nufi asibiti. Wadda aka yi wa tiyata ta fara tambayar likitanta.