Muhawara: Saka linki satar fasaha ne ko nuni da yatsa?

Injiniya: Ina nan a kan bakana, linki nuni ne kawai. Fim ɗin yana zaune a sabar wani, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin intanet, kai ba ka kwafi komai ba. Ko a Amurka, shari'ar Perfect 10 ta 2007 cewa ta yi a duba sabar wa fayil ɗin yake.

Barista: Rabin zancen ka kawo, Injiniya. Kotun Tarayyar Turai ta goya maka baya a shari'ar Svensson ta 2014, amma fa in mai abu ne ya ɗora da hannunsa, a buɗe ga kowa. A 2016, shari'ar GS Media ta ce in linkin kayan sata yake kaiwa, kuma kana cin riba da shafin, ana ɗauka ka sani. Mai jera linkin fina-finan Kannywood da aka watsa a Telegram, talla na yawo a gefen shafi, nan ya faɗa.

Hajiya: Ai waɗannan ba kotunanmu ba ne, Barista.

Barista: Gaskiyarki, Hajiya, ba su ɗaure alƙalinmu ba. Tamu ita ce dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a 2023. Mai abu zai rubuta wa mai sabar, ya ambaci aikin da adireshin da yake, a sauke. Ƙarar kuma Babbar Kotun Tarayya ake kaiwa.

Injiniya: To a raba gida biyu. Ka jawo bidiyo daga tashar mai shi ta YouTube ya bayyana a shafinka, shi ake ƙirga wa kallo, kuma yana da makullin hana hakan in ya so. Ka sauke ka sake ɗorawa, wannan kwafi ne, ban musa ba.

Alhaji na Kwari: Mu fa tambari ne damuwarmu. Shafin sayar da atamfa ya manna tambarin kamfani a kan linki, laifi ne?

Barista: Ambaton sunan kaya ba komai, ranka ya daɗe. Matsalar ita ce mai saye ya zaci kai wakilinsu ne. Rubuta sunan da haruffa, ka bar musu tambarinsu sai da izini a rubuce. Naka kuma, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare shi. A ofishin rajistar tambari na ma'aikatar ciniki a Abuja ake yi, rajistar tana aiki shekara 7, in an sabunta kuma shekara 14.

Injiniya: Na tambari na sallama. Amma wa zai bi linki ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya ya tantance na sata?

Hajiya: Wanda yake karɓar kuɗin tallar mana.